Kwalbar da Yaya Rabi Ta Hana Ni Bayarwa Sadaka

A wannan watan Yaya Rabi ta cika shekara biyar da rasuwa. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, shi ya sa har na yi furfura ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi kusan shekara talatin tana aiki a asibitocin gwamnati tsakanin Bunkure da Kura, kuma da wuya ka shiga wani ƙauye a bakin kanal ɗin ban-ruwa ba ka tarar da matar da za ta ce maka Sista Rabi ce ta karɓi haihuwarta ba. Masu yabonta suna da yawa, ba sa buƙatar in taya su. Ni abin da ya kawo ni shafin nan yau shi ne wata huɗu da na taɓa yi ba na gaishe ta, da wata magana da na jefe ta da ita, duk a kan kwalbar magani da ba ta kai tsawon tafin hannuna ba.

Ni malamin firamare ne, yanzu na yi ritaya, kuma kamar kowa a nan ina da 'yar gonata ta rani da nake saka albasa. Ina da saurin fushi, ba na ɓoyewa, kuma idan na faɗi magana a gaban mutane janyewa takan yi min wuya. Sai mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne rabin labarin.

Shekara shida kafin rasuwar Yaya, mahaifinmu ya kwanta. Baba malami ne, da safe yana gona, bayan la'asar yana karantar da magidanta littattafai a zaure. Ciwon daji ne ya kama shi, kafin a gano ya riga ya shiga ƙashi. Mutumin da kunama ta taɓa harbinsa yana salla bai katse ba, shi ne na ga yana cizon matashin kai don kada mu ji nishinsa. Yaya ta kai shi babban asibiti a cikin Kano. Likitoci suka ce ba sauran abin yi sai a rage masa azaba, suka rubuta masa wani maganin ruwa da ake kira mofin.

A lokacin na fara sanin cewa akwai magungunan da ba kamar sauran suke ba. Wannan ba a samunsa a kemis ko da kuɗinka. Likita mai rajista ne zai rubuta shi, da sunan majinyaci ɗaya. Mai harhaɗa magani na asibitin ne zai fito da shi daga inda yake kulle, ya rubuta a littafinsa, sannan wanda zai riƙa ba majinyacin a gida ya sa hannu. Yaya ce ta sa hannu. Ta ɗauki hutu ta dawo gida, ta saka kwalbar a wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta. Duk bayan awa huɗu za ta zuƙo da sirinji marar allura, ta ɗaga ta duba layin awo, ta ɗiga wa Baba a baki. Ko Inna, da ta yi shekara sittin da shi, ba ta taɓa riƙe makullin nan ba.

Kuma maganin ya yi aiki, wallahi ya yi. Baba ya samu barci, har ya koma zama a jingine yana sauraron karatu yana gyara wa masu karantawa. Cikin masu zuwa kullum akwai Baba Idi, amininsa tun suna yara, wanda gonarsa ke jikin tamu. Shi ma a lokacin wani ciwon baya ya tasa shi a gaba, ya tanƙware shi, sai ya dafa bango yake tashi. Ya sha jiƙe-jiƙe, an yi masa ƙaho, duk a banza. Yakan zauna yana kallon yadda fuskar Baba ke sakewa bayan an ɗiga masa maganin. Wata rana na ji ya ce, "Malam, wannan ruwan naka ko daga Alkausara aka ɗebo maka shi?" Baba ya yi dariya, ni kuma na riƙe maganar a raina.

A wajenmu kayan mamaci ba ya zama a banza. Abin da ya shiga gado ya shiga gado, amma ƙananan abubuwa irin su riga da hula da sanda da tabarau, magada kan yarda a bayar sadaka, ladan ya isa kabari. Ragowar magani ma haka. Duk gidan da aka yi doguwar jinya, za ka ga ranar uku an fito da leda cike da ƙwayoyi ana tambayar wa ke da marar lafiya. Na taɓa ganin an kai wa mai hawan jini ƙwayoyin wanda ciwon suga ya kashe, aka ce ai duk na asibiti ne, kuma masu tsada ne. Ba mugunta ba ce. Mutanen da suka san wahalar sayen magani ba za su iya kallonsa yana lalacewa ba, kuma suna son mamacinsu ya samu lada. Haka na taso na gani, ban taɓa jin wani ya ce laifi ne ba.

Ranar sadakar uku ta Baba, da hantsi, zaure ya cika. Baba Idi, wanda da ciwon nasa da komai ya tsaya aka yi wa amininsa wanka, ya yunƙura zai tashi ya kasa, sai da mutum biyu suka kama shi. Tausayi ya kama ni, kuma in faɗi gaskiya, na so a ga ɗan Malam ya yi abin kirki. Na ɗaga murya na ce, "Baba Idi, maganin nan na Baba ya rage fiye da rabin kwalba. Naka ne. Sadaka ce, Allah Ya kai ladan kabarinsa." Zaure ya ɗauka da amin. Wani dattijo har ya dafa kaina ya sa min albarka. Na miƙe na shiga cikin gida ina jin kaina wani babban mutum.

Na tarar da Yaya a tsakar gida cikin mata, tana rarraba gumba a faranti. Na ce ta ba ni makulli, na yi wa Baba Idi alkawarin kwalbar nan.

Ta ɗago ta dube ni. "Auta, ba taka ba ce da za ka bayar. Ni ma ba tawa ba ce."

"To ta waye? Mai ita yana kabari."

"Shi ya sa gobe zan mayar da ita inda na karɓo. Sunan Baba ne a jiki. Saboda shi doka ta yarda ta kwana a gidan nan. Tunda ba shi, daga ni har kai ba mai ikon riƙe ta, balle ya miƙa wa wani."

Na ce ai ita nas ce, ta auna masa da kanta mana, wa zai sani. Ta ce ita nas ce, ba likita ba. Abin da likita ya duba mutum ya rubuta masa shi take bayarwa, kuma ba wanda ya duba Baba Idi ya san abin da ke cin bayansa. Ta ce awon da Baba ke sha a ƙarshe, wata da watanni aka yi ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Idan aka ba wanda bai taɓa sha ba, barcin da zai yi ba lallai ne ya farka ba. Duk ta faɗi wannan murya ƙasa-ƙasa don kada matan su ji. Ni kuwa ba abin da ya shiga kunnena. Amin ɗin zaure kawai nake ji.

"Yaya, na riga na faɗa a gaban mutane."

"To ka koma ka ce Rabi ce ta hana. Ɗora min, zan ɗauka."

A nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ɗaga murya yadda kowace mace a gidan za ta ji, na ce, "Kin hana mahaifinki lada saboda wata takardar boko. Kwana uku kacal da binne shi." Gidan ya yi tsit. Yaya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rabon gumbarta.

Na koma zaure hannu rabbana, na ce Yaya ta ce ba a bayarwa. Baba Idi ya ce ba komai, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, aka kama shi aka raka shi gida. Kafin magariba magana ta zaga gari. Wasu suka ce aikin asibiti ya ƙeƙasar mata da zuciya, wasu suka ce ai sayarwa za ta yi. Na ji da kunnena, na san ƙarya ne, ban tanka ba. Washegari ta shiga mota ta mayar da kwalbar Kano, ta sa hannu aka karɓa, ta wuce gidanta a Kura.

Daga dashen albasa har cirarta ban yi mata magana ba. Za ta kira waya, in zuba wa wayar ido har ta katse. Ranar arba'in muka yi kiciɓis a ƙofar ɗakin Inna, ta ce, "Auta, ina kwana," ni da ya kamata in durƙusa in gaishe ta, na wuce kamar ban ji ba. Inna tana cikin takaba ta yi faɗa har ta gaji. Na ji labarin cewa mako ɗaya bayan abin, Yaya ta je har gidan Baba Idi ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta saka shi a mota ta kai shi asibiti. Na ce wanke kai take yi.

Wani lokaci idan na zauna a bakin titi a Kura ina kallon yadda abubuwa suka koma, nakan tambayi kaina me za ta ce da tana nan. Kemis ya yi yawa, wasu masu shi nagari ne, wasu kuwa abin da ke ƙarƙashin tebur ya fi wanda ke kan kanta. Lokacin dashen shinkafa za ka ga magidanci ya kora ƙwaya da shayi tun da safe don ya yini a sunkuye cikin ruwa bai ji gajiya ba, bayan shekara biyu ka gan shi ba ya iya ɗaga fartanya sai ya sha. An hana ruwan tarin nan mai kodin, an tsaurara a kan tiramol, ana kame, amma abin bai mutu ba. Na san za ta yi baƙin ciki. Sai dai ba a nan kaɗai fushinta zai tsaya ba. Har yanzu mai ciwon daji a ƙauyenmu sai an je masa har Kano kafin ya samu mofin, wani zuwan a ce ya ƙare, a dawo wani mako. Wasu ma'aikatan ma tsoron maganin suke, gara su bar mutum yana murƙususu da su taɓa makullin. Yaya ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin bin doka ba. A wurinta dokar da ta hana ni kwalbar ita ce ta wajabta a ba Baba ita a kan lokaci, kuma ta yi rigima da manyanta a kan haka ba sau ɗaya ba.

Baba Idi ne ya kawo ƙarshen gabar. Ina gona muna cirar albasa, rana ta fara zafi, sai na hango mutum yana tahowa a kan gaɓar kanal da sanda. Ban gane shi ba sai da ya matso, don tun ranar uku nake kauce wa ƙofar gidansa, kuma rabona da in gan shi a miƙe haka an fi shekara. Ashe da aka ɗauki hoton bayan, tarin fuka aka gano a ƙashin, irin wanda ba ya sa tari, aka ɗora shi a kan magani na watanni.

Ya tsaya ya ƙare min kallo. "Kai Auta, zo nan. Ni mai bayan, kwana shida na yi ina fushi da Rabi. Kai da bayanka lafiya lau, an ce min kana wata na huɗu. Ko kwangilar fushin aka ba ka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce likita ya gaya masa, da ya samu abin da zai rufe masa ciwon ya zauna a gida, da ba zai je asibiti ba sai ƙafafun sun mutu. "Na san don Allah ka yi, ita ma don Allah ta yi. Amma ka wuce ka je ka gaishe da yayarka, kada in saɓa maka."

Washegari na ɗaura buhun albasa a bayan babur na nufi Kura. Na sauke a tsakar gidanta, na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce, "Albasar bana ta yi kyau. Ka ci abinci?" Shi ke nan. Aka kawo min shinkafa da wake na ci, muka yi hirar Inna da ta 'ya'ya. A gidanmu maza ba su iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai su kawo buhu. Na hau babur na dawo ina ganin an gama. Maganar da na faɗa mata a gaban mata kuwa ban janye ta ba, ita ma ba ta tayar ba. Haka muka yi shekara shida muna zumunci lafiya lau, maganar tana kwance a tsakaninmu.

Sai ciwo ya zo mata, irin na Baba, ita a mama. Ta riga kowa sani, ta kuma riga kowa sanin lokacin da magani ya daina yi. A lokacin maigidanta ya riga ya rasu, 'yarta Hauwa ce ta baro gidan mijinta ta zo jinya, yarinya mai ilimi da natsuwa. Ni na raka su Kano ranar da likita ya rubuta mata mofin. Muna gaban tagar karɓar magani, Yaya tana kan keken marasa lafiya, matar da ke bayarwa ta tambaya wa zai riƙe shi ya riƙa ba ta a gida. Hauwa ta matsa tana miƙa hannu za ta karɓi biro. Yaya ta ce, "Ƙanena ne zai riƙe."

Na waiwaya in ga ko wani daga cikin yayyena ya shigo ban sani ba. Ba kowa sai ni. Matar ta jero min sharuɗɗa: a kulle shi nesa da yara, awon da aka rubuta kawai, ba a ƙarawa sai an kira likita, ba a ba kowa ko da ciwonsu iri ɗaya ne, abin da ya rage a dawo da shi. Ina sa hannu Yaya tana kallona ta gefen ido. Na san dariya take a ciki.

Na tattara na koma ɗakin zauren gidanta. Na koyi zuƙo magani, na koyi ɗaga sirinji in duba layi, ita tana kwance tana gyara min kamar ɗan aji ɗaya. Sau ɗaya, ina dawowa daga Kano da sabuwar kwalba, jami'ai suka tare motarmu a hanya suna bincike. Ɗaya ya zaro kwalbar daga jakata, ya karanta, fuskarsa ta canza. Na miƙa masa takardar likita da katin asibiti da shaidata, ya gwada sunaye, ya kira babbansu ya duba. Suka mayar min da ita, babban ya ce Allah Ya ba ta lafiya. Muna tafiya ina tuna cewa da wancan karon an biye min, da Baba Idi na jefa a irin wannan halin, da sunan mamaci a jikin kwalba, ba ko takarda ɗaya.

Wata rana bayan la'asar, an yi mata shimfiɗa a inuwar mangwaron tsakar gida, na gama ba ta magani ina wanke sirinji. Hauwa ta shiga kicin. Na ce, "Yaya, me ya sa ni?"

Ta ce, "Saboda taurin kanka. Aikin nan mai taurin kai yake so. Hauwa tausayi gare ta, wani zai zo ya yi mata kuka ta tsiyaya masa."

Na juya sirinjin a hannuna ya fi sau goma. Sannan na ce, "Maganar nan da na faɗa miki ranar ukun Baba."

"Ashe kana tune."

"Na ɗauka albasa ta wanke."

Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji. Da ta lafa sai ta ce, "Albasa ba ta wanke irin wannan, Auta. Na san ban yi kuskure ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma shekara shida, duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi wa Baba addu'a sai maganarka ta faɗo min. In ce, to idan gaskiyar yaron nan ne fa?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, ni da jikoki. Na ce ƙarya na yi, ba ta hana Baba komai ba, girman kaina ne kawai aka taɓa. Na ce ta yafe min don Allah. Ta ce ta yafe tun kafin in sauke buhun daga babur, amma tana so ta ji da kunnenta. Sannan ta ce in kira Hauwa ta zo ta ji ita ma, tunda wancan karon a gaban mata na faɗa. Na kira ta, na sake maimaitawa daga farko.

Mako uku bayan nan ta rasu, da hantsi, ba a cikin azaba ba. Baba Idi yana sahun gaba a wajen salla, a kan ƙafafunsa. Ranar uku wata maƙociyarta ta ja ni gefe, ta ce maigidanta yana kwance da ciwon ƙugu, ko za a taimaka musu da ragowar maganin Sista, Allah Ya kai lada. Na ce mata ba a bayarwa. Ba ta yi musu ba, ta ce to, ta gyara mayafi ta juya. Na tsaya ina kallon bayanta. Sai a ranar na san abin da Yaya ta ɗauka a tsakar gidanmu, ita da ba baƙuwa ce ta roƙe ta ba, ƙaninta ne ke tsaye a kanta yana tozarta ta. Na bi matar na ce ta shirya shi gobe da safe, dama ina da zuwa asibiti mayar da kwalba, sai mu tafi tare.

Ba zan yi ƙarya in ce garinmu ya canza saboda Yaya ba. Har yanzu ana fito da leda ranar uku. Sai dai yanzu akan samu wanda zai ce a tsaya tukuna a tambayi ma'aikacin asibiti, kuma sau da yawa ni ne wannan mai baƙin jinin. Wasu su ji, wasu su bari sai na juya baya. 'Ya'yan da ta karɓi haihuwarsu kuwa su ne yau ke ban-ruwa a gonakin iyayensu, wasu ma ba su san sunanta ba. Wannan shi ne rabon jama'a daga gare ta, kuma ba kaɗan ba ne.

Nawa rabon daban ne, kuma ban san girmansa ba sai ranar da na dawo daga mayar da kwalbar. Na miƙa wa Hauwa akwatin da makullin, na ce ta yi haƙuri, na san ita ya kamata ta riƙe tun farko, kuma na ga fuskarta ranar da aka ba ni biro. Ta ce gaskiya ta ji zafi, har ta kasa haƙuri ta tambayi mahaifiyarta da suka dawo gida.

Na ce, "Ai ta gaya min, wai tausayi ya yi miki yawa."

Hauwa ta girgiza kai. "Ba haka ta ce min ba, Kawu. Cewa ta yi, na san kin fi shi iyawa, ki yi haƙuri ki bar masa. Kawunki yana da maganar da yake son faɗa min shekara shida, kuma ba zai iya ba sai an zaunar da shi kusa da ni duk bayan awa huɗu. Ba na so in tafi in bar shi da ita."

Dokar maganin ta nemi mutum ɗaya ya sa hannu, Yaya ta bi ta kamar yadda ta saba, amma a zaɓen mutumin ba kanta ta duba ba. Tana cikin ciwon ajali, ni take tunani. Da ta ba Hauwa makullin nan, da na riƙa zuwa ranar Juma'a da lemo da ayaba in gaishe ta in koma, da kuma yau ina rubuta wannan da maganar a wuyana, ba wanda zan je in faɗa wa. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya haɗa ta da Baba a inda babu ciwo. Har yau idan na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, ba abin da ke faɗo min sai godiya.